Kashe Inji Mu Gaisa

Jiya a shagon cajin waya na unguwarmu nan Katsina, wasu samari suna kallon bidiyon tarakta, sai na ji ɗaya ya ce, "Wannan ai aikin zama ne. Ka hau ka riƙe sitiyari, ƙarfe ya yi maka noma." Sauran suka kwashe da dariya. Ban tanka ba, don na san in na fara ba za ku bari in kai ƙarshe ba. To ga shi na rubuto. Ku karanta, musamman kai mai jar hula.

Sunana Nura. Shekara tara na yi a kan tarakta tsakanin Batsari da Safana kafin in dawo birni. Uku na farko ko sitiyari ban taɓa ba. Ogana, Oga Shehu, tsohuwar tarakta gare shi ja, wadda ta girme ni. Aikina in sa giris, in kakkaɓe matatar iska, in ɗaure notin faifan haro, in canza boris ɗin da faifan ke juyawa a kai in ya fara kuka. Haro shi ne wannan jerin faifan ƙarfen da ake ja a baya yana yanka ƙasa. In mun isa gona kuwa, sai Oga ya miƙo mani rodi mai tsini ya ce in sauka. In bi gonar da ƙafa daga wannan kai zuwa wancan, ina soka rodi duk inda ƙasa ta yi tudu ko ta lotsa. In na ji kututture in kafa kara. In na ji rami in kafa biyu. Shi yana zaune a inuwa yana cin goro.

Lokacin haushi nake ji. Wata rana a ƙauyen Darini na ce, "Oga, ai daga saman kujera ma ana ganin komai." Ya ce, "Daga sama ciyawa kake gani. Gonar da ƙafarka ba ta taka ba, kada tayarka ta taka." Na ji maganar nan ta fi sau ɗari, har in ya buɗe baki nakan ƙarasa masa a zuci.

Masu gona kala-kala ne. Akwai mai ce maka gonarsa shimfiɗe take kamar tabarma, ka je ka tarar da suri ya kai ƙirjinka. Akwai mai bin bayanka yana tsoma yatsa a ƙasa yana cewa ba ka nutsa ba. Akwai wanda zai matso kusa da kunnenka ya ce ka ɗan ci gamban kan iyaka, wai ai maƙwabcin ba ya gari. Wannan in ka biye masa, kai za ka tsaya gaban mai gari, shi yana gefe yana cewa direba ne ya yi kuskure. A ƙauyen Babban Duhu wani ya taɓa rantse mani ba dutse ko ɗaya a gonarsa. Faifai biyu muka bari a can.

Abu ɗaya ne taraktar nan ba ta da shi: batir na kirki. Na ciki ya daɗe da mutuwa, Oga kullum sai ya ce bayan kaka. Saboda haka a kan gangare muke ajiye ta, da safe a sake birki ta gangara ta tashi. In ba gangare, sai a nemo majiya ƙarfi biyar su tura. Shi ya sa in ta tashi da safe ba na son kashe ta sai an tashi aiki. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Shekarar da ta'asar 'yan bindigar daji ta fi muni, gonakin bakin daji duk aka bar su. Wanda ya shuka bai yi noma ba, wanda ya yi noma bai girbe ba. Wata biyar taraktarmu tana ƙarƙashin darbejiya a ƙofar gidan Oga, har kaza ta yi ƙwai a ƙarƙashin kujerar. Daga baya muka koma jan yashi da tirela a cikin gari. Wani abokin sana'armu tasa ta lalace masa a gona, ya bar ta ya ce da safe zai kawo makanike. Da safen toka ya tarar da ƙarfe baƙi, mutanen daji sun cinna mata wuta. Tun daga ranar Oga ya kafa doka: tarakta ba ta kai la'asar a gona. Ko saura layi ɗaya, ka ɗaga haro ka taho.

Da aka ɗan samu sauƙi mutane suka fara komawa gonaki, sai wani sabon aiki ya fito. Shanu ba su shiga daji kiwo kamar da, kowa ya ɗaure nasa a gida, ciyawa ta zama abin nema. Alhaji Halliru, wani mahauci a kasuwar Batsari da ke turke bijimai a gidansa, ya sayi wata gona ta wajen hanyar Runka, ya ce shi ba hatsi zai sa ba, kyasuwa zai watsa, ciyawar dabbobi. Ya yi magana da wani mai injin yankan ciyawa. Mutumin ya zo ya duba ya ce in ba a daidaita gonar ba, injinsa ba zai shiga ba.

Gaskiya gare shi. Gero ba ruwansa da tudu da kwari, mai lauje ma ya san yadda zai karkace. Amma wuƙar inji ƙasa-ƙasa take bi. Kunya ɗaya ta tsaya mata, ko kututture ɗaya, ta karye. Gonar nan kuwa shekara huɗu ba a taɓa ta ba. Tsofaffin kunyoyi sun sandare, sabara ta fito ko'ina, ga suri, ga sawun shanu da ya bushe tun wata damina.

Daidaita irin wannan gona ba kamar haro na shuka ba ne. In ka bi tsawon kunya, faifai zai bi kwari ya bar maka tudun yadda yake. In ka gitta su kai tsaye, tarakta za ta riƙa tsalle har haƙoranka su haɗu, kafin azahar wani abu ya tsinke a ƙasa. A karkace ake shiga, daga wannan kusurwa zuwa waccan ta can nesa. In ka gama ka sake ɗaukowa daga ɗaya kusurwar, layukan su gitta juna. Sannan ka ɗaura gungumen giginya da sarƙa a baya, ya riƙa aske tudu yana zubawa a kwari. Kuma ba a nutsawa da yawa, in ka juyo jar ƙasa sama, ciyawa ba za ta yi ba.

Satin aikin, sai baya ya kama Oga, ciwon duk wanda ya daɗe a kan tarakta. Ya kira ni ya ce, "Nura, kai kaɗai za ka. Ka san doka biyu." Na ce na sani. Ya ce in faɗa. Na ce, "In taka da ƙafa, kuma kada in kai la'asar." Wannan ne karo na farko da ya sake mani ita zuwa wuri mai nisa haka. Mutumin nan ba shi da gona, ba shi da shago. Ita ce gonarsa, ita ce shagonsa.

An yi ruwan farko kwana biyu kafin nan, ƙasa ta yi laushi daidai. Alhaji ya wuce gaba a babur ya nuna mani kusurwa huɗu da hannu, ko sauka bai yi ba, ya ce ranar kasuwa ce, zai dawo da rana. Na duba gonar. Babba ce, kuma ba gangare ko kaɗan. In na sauka in taka ta da rodi, awa biyu sun tafi. In bar inji yana ci, gas ya ƙone a banza. In kashe, wa zai tura? Na miƙe tsaye a kan tarakta na leƙa, na ce ai ina ganin komai. Rodi yana nan ɗaure a gefe, ban kwance shi ba.

A gonar maƙwabta akwai wani tsoho da malafa yana huɗa da shanu biyu. Baba Ɗanjuma ke nan, daga baya na san sunansa. Ya tsayar da shanun ya tako har bakin iyaka ya ɗaga hannu.

"Salamu alaikum! Yaro, kashe abin ga mu gaisa."

Na ɗaga murya sama da ƙarar inji. "Wa alaikumus salam, Baba! Ina kwana, lafiya lau, ya iyali, madalla, ya ruwa, da godiya!"

Ya dube ni. "Kai ka tambaya kai ka amsa? Kashe mana, magana gare ni."

"Baba in na kashe ba ta tashi! Sai dai in 'yan bijiman nan naka ne za su ja ta!"

Na yi dariya, don mu 'yan tarakta haka muke tsokanar masu garmar shanu. Shi bai yi ba. Ya dubi gonar, ya dubi rana, ya ce, "To. Bari in kai ƙarshen 'yan kunyoyin ga, zan zo in iske ka." Ya juya.

Na sauke haro, na saita hancin tarakta kan wata tsamiya da ke can kusurwar ƙarshe, na taka.

Aiki na tafiya gwanin daɗi. Faifai na cin kunya, gungume na bi yana sharewa, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na tasowa. Na kusa tsamiya na waiga, sai na hango Baba ya saki shanu yana gudu yana kaɗa malafa. Na ce a raina, tsohon nan da son gaisuwa yake. Na ɗaga masa hannu ni ma.

Gabana akwai wani ɗan tudu mai faɗi, bai kai gwiwa ba. Na ce tsohon suri ne da ruwa ya cinye. Na rage giya na hau. Tayar gaba ta wuce. Sai na ji ƙaras, kamar an taka busasshen kara, tayar baya ta hagu ta faɗa. Tarakta ta kwanta gefe guda, haƙarƙarina ya bugi ƙarfe. Ƙafata ta so ta taka wuta in fizge. Allah ya taimake ni ban taka ba, don a daidai lokacin na ji wani ɓangaren ƙasa ya ɓalle a ƙarƙashina. Na saurara in ji ya faɗi. Shiru. Shiru. Can sai na ji tsulum.

Ruwa. A ƙarƙashina.

Na kai hannu na kashe inji.

Baba ya iso yana haki. "Kada ka yi tsalle! Ta dama za ka sauko. A hankali. Ɗora ƙafa bisa taya. Yawwa. Taho. Ƙara matsowa."

Sai da na yi taku goma daga wurin sannan na zauna a ƙasa. Ya tsaya a kaina har numfashinsa ya dawo. Sannan ya gyara malafa ya ce, "To, ka kashe. Ina kwana?"

Wallahi sai da muka gaisa tsaf. Ya gajiya, ya mutan gida, ya mai gidanka, ya ruwa. Ina amsawa, idona na kan tarakta.

Sannan ya faɗa mani. Wurin nan kufai ne, tsohon mazaunin ƙauyensu, nan aka haife shi. Yana saurayi aka tashi aka koma bakin hanya. Tudun da na hau bakin rijiya ne, mahaifinsa ne ya gina ta, gaba goma sha biyu. Ya ce su a wurinsu ba a cike rijiya mai ruwa, ba a binne ruwa da rai. In za a tashi sai a jera azara a bakinta, a shimfiɗa zana, a tara ƙasa a kai ta yi tudu, don kada dabba ta faɗa, kuma don wata rana in an dawo a san wurin. Shekara da shekaru gara na cin azarar. Jaki ya wuce, sa ya wuce, amma ba tarakta ba. Alhaji baƙo ne, magada suka sayar masa daga birni, ba wanda ya gaya masa.

Na ce, "Haba Baba, ai da ka yi mani ihu ka ce rijiya!"

Ya ce, "Ni na ɗauka daga bakin hanya za ka fara, layi bayan layi, kamar kowane mai hankali. Na ce kafin ka kai tsamiya azahar ta yi. Wa ya taɓa ganin mai noma ya nufi kusurwa kai tsaye kamar jakin da ya hango gida?"

Ka ji fa. Shi ya auna ni da tafiyar shanu, ni kuma ban tsaya na ji shi ba.

Na zagaya na duba daga nesa. Taya ta nutse har rabi, bakin rijiya ya riƙe ta gaba da baya. Haro da ke ƙasa a baya shi ya tokare sauran nauyin. Ruwan shekaranjiya ya jiƙa bakin, jefi-jefi sai ka ji ƙasa ta zuba.

Ba sabis a gonar. Sai da na hau wani dutse na ɗaga waya sama kafin ta shiga. Na faɗa wa Oga. Ya ce, "Kai lafiyarka?"

"Lafiya lau, Oga."

"Ka taka gonar?"

Na tuna da rodi, yana nan ɗaure a gefen tarakta.

"Nura. Ka taka gonar?"

"A'a, Oga."

Na ji ya ja numfashi. Ya ce tarakta ɗaya ce kusa da za ta iya jawo mu, ita ma tana gareji an sauke mata inji. Ya ce, "Ka yi abin da za ka iya. In la'asar ta yi ba ta fito ba, ka bar ta ka taho gida. Ƙarfe ne." Ya kashe.

Ni na san abin da ake tararwa da safe in an bar ƙarfe a wannan yankin. Shi ma ya sani.

Na sauko na gaya wa Baba. Ya dubi shanunsa ya ce biyu ba za su iya ba, sai shida. Ya ce duk ƙauyen karkiya uku ta rage, har da tasa, sauran mutanen daji sun kore su tun shekarun baya. Masu biyun kuma a cikin gida suke ɗaure su, ba su yarda su fito da su inda ba a hango rufin gari. Na ce bari in ruga in roƙe su.

Ya ce, "Kai? Da wace gaisuwar?"

Shi ya tafi. Ya bar mani shanunsa a inuwar tsamiya ya ce kada in taɓa komai sai sarƙar gungume. Na kwance ta, na fito da jak da diga, na zauna ina kallon inuwa tana raguwa. A rayuwata ban taɓa ganin rana tana sauri irin na ranar ba.

Gab da azahar sai ga shi da mutum biyu, kowa da karkiyarsa, shanun na jan azara shida da suka zare daga wata rumfa. Ban san abin da ya gaya masu ba. Ɗaya daga ciki, wani dogo, ko kallona bai yi ba, idonsa na wajen daji. Wannan karon ni na fara durƙusawa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, har da tambayar shanu.

Ga yadda muka yi. Shanun Baba suka ja gungumen giginyar nan nawa, muka tura shi ta ƙarƙashin tarakta ya gitta bakin rijiya, kansa biyu na kan ƙasa mai ƙarfi. Na kwanta rub da ciki, an ɗaura mani igiya a ƙugu dogon nan yana riƙe, na ɗora jak a kan gungumen. Ina bugawa kaɗan-kaɗan. Duk bugu uku sai in ji ƙasa ta zuba, in ƙirga a zuci har in ji tsulum. Iskar da ke fitowa daga ramin sanyi gare ta, tana dukan fuskata. In taya ta ɗaga ɗan yatsa huɗu, sai su cusa azara. Haka har huɗu suka shiga ƙarƙashinta. Sannan na zare fil ɗin haro, muka raba shi da tarakta.

Sallar azahar bi da bi muka yi ta, biyu na yi biyu na kallon hanya.

Na ce in an samu ta tashi in taimaka da inji. Baba ya ce ko da tana tashi ba za a tayar ba, shanun nan in suka ji ƙara a bayansu kowa zai kama gabansa. Aka jera su biyu-biyu a sarƙa ɗaya. Amma dole wani ya riƙe sitiyari, in ba haka ba tayar gaba ta karkace ta mayar da mu ciki. Ba wanda ya dube ni, amma kowa ya san wa ake nufi. Na hau ta dama, ƙafa ɗaya a matakala, na cire giya.

Ja na farko bai yi ba. Na tsakiya suka riga na gaba, sarƙa ta yi sako-sako, tarakta ta motsa ta koma. Azara ɗaya ta ce ƙaras. Dogon nan ya ce, "Baba, in ba ta yi ba a wannan, ni zan mai da nawa gida. Dubi inuwa."

Kafin Baba ya amsa sai muka ji babur.

Wanda bai zauna can ba ba zai gane ba. Dogon ya kai hannu kan igiyar karkiya zai kwance. Ƙara na matsowa ta bayan sabara. Ɗaya ne ko da yawa? Ni dai ina kan matakala, hannuna ya manne da sitiyari.

Sai ga farar hula. Alhaji Halliru ne, da ƙullin balangu a gaban babur, ya kawo wa direba abincin rana. Ya tsaya ya buɗe baki. "Inna lillahi! Me zan gani haka? Nura, daidaita gona na ce, ban ce ka haƙa mani rijiya ba!"

Dogon nan da bai yi murmushi ba tun zuwansa, shi ya fi kowa dariya, har da riƙe ciki. Baba ya ce, "Alhaji ajiye naman, kama nan."

Baba ya sake jeri. Ya mai da tsofaffin shanunsa gaba, ya ce su suka san muryarsa, sauran za su bi. Ya tsaya a gabansu ya dafa goshin na dama, yana yi masu magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jika. Ya ja da baya taku ɗaya, suka bi, sarƙa ta miƙe har ta yi ƙara. Sannan ya ce, "Bismillahi. Haa!"

Shida suka sunkuya lokaci ɗaya. Na ji taya ta kama azara, ta hau, ta tsaya kamar tana shawara. Alhaji da babbar rigarsa yana turi ta dama yana salati. Sai ta mirgina. Taku ɗaya, biyu, biyar. Bayanmu azara biyu da rabin bakin rijiyar suka rufta gaba ɗaya, ƙarar ta daɗe kafin ta mutu.

Na taka birki. Na sauko na zagaya ta sau biyu. Fitila ɗaya ta fashe, murfin taya ya lanƙwashe. Shi ke nan.

Saura tayarwa. Baba ya dube ni ya ce, "Ɗazu me ka ce? Sai dai in 'yan bijimaina za su ja ta ko?" Na ce, "Baba a yi haƙuri." Ya ce, "A'a, ai gaskiya ka faɗa. Hau." Suka ja, na sa giya na saki kuloci, ta yi tari biyu ta kama. Na danne kuloci da birki nan take, shanu suka zabura, mutum uku suka rirriƙe su. Muka ci balangu a tsaye. Ana kiran la'asar ina shiga Batsari.

Oga yana kwance a tabarma a zaure. Ya saurari ƙarar injin tun daga nesa, ya leƙo ya dubi fitilar. Ya ce, "Gobe rodi."

Washegari na ajiye ta a kan wani ɗan gangare nesa da gonar, na kashe, na taka zuwa wurin Baba. Muka gaisa har sai da shi ya gaji. Sannan muka bi gonar tare, ni da rodi shi da baki. Nan turken dokin wane yake, akwai kututture a ƙasa. Nan ramin da aka ɗebi ƙasar gini, an cike shi da shara, zai lotsa. Can gefen gabas kuma ya tsaya ya cire malafa, ya ce nan iyayensu suke kwance. Muka kafa kara muka zagaye, Alhaji ya ce ko taku ɗaya kada a shiga. Kututture goma sha ɗaya muka tono da diga. Ko ɗaya ban hango daga kan kujera ba.

Kwana uku na yi. Haro a karkace sau biyu, gungume sau uku, na ƙarshe bayan an watsa iri don ya rufe shi sama-sama. Inda suri yake sai na fasa da diga tukuna in baje, don ƙasarsa tauri gare ta. Da na gama Alhaji ya hau babur ya ratsa gonar da kofin ruwa a hannu don tsokana, bai zubar ba sai da ya zo juyawa.

Da kaka mai inji ya zo ya yanke ta tas, wuƙa ko ɗaya bai canza ba. Rijiyar kuma Alhaji ya sa aka yashe ta aka ɗaure bakin da siminti. Shanun nan shida a nan suke sha yanzu, ba sai an kai su rafin bakin daji ba. Baba ya ce ruwan bai canza ɗanɗano ba.

To mai jar hula, ka ji aikin zama.

Sati ɗaya bayan abin, na zo da safe zan sake birki ta gangara, sai Oga ya ce in murɗa makulli. Na murɗa. Ta tashi tar. Na buɗe na ga sabon batir, ko ledarsa ba a gama cirewa ba. Na ce, "Oga, ba ka ce sai bayan kaka ba?"

Ya gutsiri goro ya ce, "Na toshe maka hujja ne. Daga yau duk wanda ya ce ka kashe ku gaisa, ka kashe."